Tsibiran Yauri

Tsibiran Yauri rukunin ƙananan tsibirai ne da ke cikin Kogin Neja, wanda Hausawa ke kira Kwara, a kudancin Jihar Kebbi da ke arewa maso yammacin Najeriya. Tsibiran sun bazu a ɓangaren kogin da ya ratsa ƙananan hukumomin Shanga da Yauri da Ngaski, wato ƙasar Masarautar Yauri, har zuwa cikin Tafkin Kainji. Su ne mazaunin asali na al'ummar da Hausawa ke kira Gungawa, waɗanda su kuma ke kiran kansu Bareshe. Tsawon ƙarnoni tsibiran sun kasance mafaka a lokacin yaƙi, mahayi ga fataken goro, kuma wurin noman albasa da kamun kifi. A tsakiyar ƙarni na 19 fadar Sarkin Yauri kanta ta zauna a ɗaya daga cikinsu. A shekarar 1968, bayan an kammala madatsar ruwa ta Kainji, ruwa ya shafe da yawa daga cikin tsibiran, ciki har da Foge wanda ya fi kowanne girma, aka mayar da mazaunansu sababbin ƙauyuka a gaɓar tafkin.

Suna

A Hausar yankin, tsibirin da ke tsakiyar kogi ana ce masa gungu. Daga wannan kalma aka gina sunan mutanen bisa tsarin da Hausa ta saba bi wajen sunayen al'ummu: Bagunge ga namiji ɗaya, Gungawa ga jam'i, Gunganci ga harshensu. Ma'anar sunan ke nan mutanen tsibiri, ba sunan ƙabila ba ne tun asali, suna ne na wurin zama. Kalmar tana nan a sunayen wurare har yau, misali Gungun Sarki, wadda mazaɓa ce a ƙaramar hukumar Yauri.

Sunan masarautar ana rubuta shi Yauri ko Yawuri. Haka kuma tsibirin Foge ana jin sa a bakin mutane da Hoge, saboda musayar da ake yi tsakanin sautin f da h a karin harshen Hausa na yamma, irin yadda Basakkwace ko Bakabe zai ce hwari ko hita a inda Bakano ke cewa fari ko fita.

Labarin ƙasa

Kogin Neja yana da tsawon kimanin kilomita 4,180. Ya faro daga tsaunukan ƙasar Gini, ya bi ta Mali da Nijar da iyakar Benin, sannan ya shigo Najeriya ta Jihar Kebbi. Kafin ya kai Yauri, Gulbin Sokoto yana zuba a cikinsa, ɗauke da ruwan Rima da na Gulbin Zamfara da Gulbin Ka. Ke nan ruwan saman da ya sauka a kudancin Jihar Sokoto, a ƙasashen Tambuwal da Kebbe da maƙwabtansu, ƙarshensa ta gefen waɗannan tsibirai yake wucewa.

A wannan ɓangare kogin yana faɗaɗa, ya rabu hannu-hannu, ya bar tudun yashi da laka da duwatsu a tsakani. Wasu tsibiran ƙanana ne ƙwarai, ba su wuce gona ɗaya ko biyu ba, ruwa na rufe su duk shekara. Wasu kuma suna da faɗin da ya ɗauki ƙauyuka da gonaki da makiyaya.

Abin da ya bambanta wannan yanki da sauran kogunan ƙasar Hausa shi ne kogin yana cika sau biyu a shekara. Cikar farko tana zuwa daga wajen Agusta zuwa Oktoba, daga ruwan daminar da ya sauka a kusa, musamman a kwarin Sokoto da Rima. Wannan ruwa yana zuwa da laka, ya yi fari-fari, shi ya sa ake ce masa farin ruwa. Cika ta biyu tana isowa a tsakiyar rani, daga wajen Disamba zuwa Fabrairu. Ita wannan daminar Gini ce, wadda ruwanta ya daɗe yana tafiya, ya yi watanni yana ratsa fadamun tsakiyar Mali inda lakarsa ke kwanciya, ya iso a tace. Shi ake kira baƙin ruwa. Saboda haka a lokacin da rafukan arewa suka ƙafe, mutanen tsibiran suna da ruwa a ƙofar gida, abin da ya sa noman rani ya kafu a nan tun kafin zuwan injin ban ruwa.

Mutane da harshe

Gungawa manoma ne kafin komai, sannan gwanayen tuƙin kwalekwale da iyo. Ba su kaɗai ke zaune a bakin kogin ba. Akwai Sarkawa, masunta waɗanda suka gangaro daga ƙasar Kabi, waɗanda masana ke danganta sunansu da Sorko na ƙasar Songhai, yau kuma Hausa ce harshensu. Akwai Lopawa da Larawa a ɓangaren kudu, da Shangawa a arewa. A tudu kuma akwai Kambari da Dukawa da Hausawa da Fulani makiyaya.

Harshen Gungawa, wanda masu shi ke kira Tsureshe, ba dangin Hausa ba ne. Hausa tana cikin harsunan Chadi na babban gidan Afro-Asiya, shi kuwa Tsureshe yana cikin rukunin harsunan Kainji, reshen Binuwai-Kongo na gidan Neja-Kongo. 'Yan'uwansa su ne harsunan Kambari irin su Cishingini da Tsuvaɗi, da C'lela na Dakarkari, da harshen Dukawa. Masana sun lura cewa Tsureshe ya yi nisa da waɗannan 'yan'uwan nasa, har ana ware masa wuri na daban a cikin rukunin. Harshen Shangawa kuwa daga wani gida ne dabam, wato harsunan Mande, dangin Busanci da Kyanganci.

Harsunan Kainji suna rarraba sunaye aji-aji ta hanyar ɗafa-goshi. Saiwa ɗaya tana ɗaukar ɗafi daban-daban, ma'ana ta sauya. Daga saiwar reshe, Bareshe na nufin mutanen, Tsureshe na nufin harshen. A nan akwai abin da kan ruɗa mai jin Hausa: ɗafin ba a Hausa yana nuna mutum ɗaya, kamar a Bahaushe ko Bakatsine, amma a Bareshe jam'in mutane yake nunawa, kamar yadda ake samu a harsunan Bantu.

Kiyasin da aka yi a farkon shekarun 1990 ya sa masu magana da harshen a kimanin mutum 44,000. Sai dai tun da daɗewa Gungawa da dama sukan koma Hausa idan suka bar tsibiri suka zauna cikin gari suka musulunta, a riƙa kiransu Yawurawa, jikokinsu kuma su tashi ba su jin Gunganci. Masanin halayyar al'umma ɗan Amurka Frank Salamone ya yi bincike a kan wannan sauyi a Yauri a shekarun 1970, ya nuna cewa zama Bahaushe a wannan yanki abu ne da ke tafiya tare da sauya addini da sana'a da sutura da wurin zama, ba batun jini kaɗai ba.

Tarihi

Zamanin da

Haƙar kayan tarihi da aka yi cikin gaggawa a shekarun 1960, kafin ruwan Kainji ya rufe kwarin, ta nuna cewa an daɗe ana zaune a wannan yanki. A kusa da Yelwa an tono mutum-mutumi na gasasshen yumɓu da tukwane da kayan ƙarfe, waɗanda gwaji ya nuna sun kai ƙarnonin farko na Miladiyya. Wurare da yawa da aka gano a lokacin ba a samu damar tona su ba, yanzu suna ƙarƙashin tafki.

Masarautar Yauri da hanyar goro

A labarin Bayajida, Yauri na cikin Banza Bakwai, tare da Kabi da Zamfara da Nupe da Gwari da Kwararrafa da ƙasar Yarbawa. Labarun baka na masarautar sun yarda cewa Gungawa ne mutanen farko a wurin, kuma suna kawo sunan Tafiraulu a farkon jerin sarakuna. Daga baya sarauta ta tabbata a gidan Jerabana. Babban birnin masarautar shi ne Birnin Yauri, wanda ake taƙaitawa Bin Yauri, gari mai ganuwa da ke tudu a gabashin kogin, kimanin kilomita 14 daga Yelwa ta yanzu.

Ƙarfin Yauri ya dogara da kogin. Ɗaya daga cikin manyan hanyoyin fatake daga Kano da Katsina zuwa Gwanja, a arewacin Ghana ta yau, ta nan take tsallake Kwara ta shiga ƙasar Borgu. Ayari kan tafi da tufafin saƙi da kanwa da fatu da dabbobi, ya dawo da goro. Ayarin jakuna ɗaruruwa ba ya tsallake kogi mai wannan faɗi sai da masu jirgi, masu jirgi kuwa mutanen gungu ne. Sarki yana karɓar kuɗin fito da na hanya, mutanen tsibirai kuma suna ba shi jiragen yaƙi da matuƙa idan buƙata ta taso. Marigayi Farfesa Mahdi Adamu, ɗan asalin Ngaski, wanda ya rubuta littafi a kan tasirin Hausawa a tarihin Afirka ta Yamma a 1978, ya fara bincikensa ne da tarihin Yauri a ƙarni na 19.

Jihadi da zuwan Turawan farko

Lokacin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da aka fara a 1804, Sarkin Yauri Muhammadu Albishir ɗan Ayi ya zaɓi sulhu. Ya yi mubaya'a, aka bar masa sarautarsa, Yauri ta shiga ƙarƙashin kulawar Gwandu. Wannan ya sa Yauri ta zama ɗaya daga cikin masarautu ƙalilan da gidan sarautarsu na da bai faɗi ba a wancan juyi.

A zamaninsa ne Mungo Park, likita ɗan ƙasar Sikotilan, ya biyo kogin cikin jirgi daga Sansanding ta ƙasar Mali, inda ya taso a ƙarshen 1805, yana neman inda Neja ke ƙarewa. A Yauri ya rabu da jagoransa Amadi Fatouma. Bai yi nisa ba ya hallaka tare da sauran mutanensa a duwatsun ruwa na Busa a 1806. A labarin da Amadi Fatouma ya bayar daga baya, kyautar da Park ya bari a kai wa sarki ba ta isa gare shi ba, aka ɗauka baƙon ya wuce ba tare da gaisuwa ba, shi ne aka tare shi. Wannan ita ce riwayar da ta fi yaɗuwa, amma mutanen Busa sun ba matafiyan da suka zo daga baya labarin ta wasu fuskoki.

A 1830 'yan'uwa biyu, Richard da John Lander, sun iso Busa ta ƙasa, suka hau kwalekwale suka yi sama zuwa Yauri da fatan samun takardun Park. Sun shafe makonni a birnin ba su samu ba. A littafin tafiyarsu sun bayyana tsibirai masu gonaki da ƙauyuka da suka ratsa a hanya. Daga nan suka juya suka bi kogin har teku a ƙarshen shekarar, abin da ya tabbatar wa Turawa cewa Neja a Tekun Atilantika yake zuba.

Yaƙin basasa da fada a tsibiri

Daga shekarun 1840 rikicin gadon sarauta ya raba gidan Jerabana. Yaƙin ya daɗe har Birnin Yauri ya watse, aka mayar da fada tsibirin Ikum a tsakiyar kogi. A daidai wannan lokaci Umaru Nagwamatse, ɗan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku, ya kafa Kontagora a 1864, shi da magadansa suka riƙa kai hari ƙasashen Kambari da gabashin Yauri suna kama bayi. Dawakin Kontagora suna iya cin kowane gari na tudu, amma doki ba ya shiga ruwa mai zurfi, kuma jiragen duk suna hannun mutanen gungu. Don haka tsibiran suka cika da 'yan gudun hijira, suka zama ganuwar da ta rage wa masarautar. Sai a 1888 Sarki Abdullahi Abarshi ya fito da fada daga ruwa ya kafa ta a Yelwa, inda take har yau.

Mulkin mallaka

A ƙarshen ƙarni na 19 Turawan Ingila sun kafa sansani a Yelwa, a lokacin da suke tsere da Faransa kan mallakar Borgu da tsakiyar Neja. Buƙatarsu ta jirage da matuƙa ta jawo rikici da mutanen tsibirai. A watan Oktoba na 1898 an kashe wani hafsa, Laftanar Keating, tare da sojojinsa a tsibirin Hela kusa da Yelwa, bayan sun je karɓar kwalekwale da ƙarfi. Turawa sun mayar da martani da farmaki a kan tsibiran yankin.

Bayan cin Kontagora a 1901, Yauri ta shiga ƙarƙashin mulkin Ingila. A 1915 Turawa sun tuɓe Sarkin Busa Kitoro Gani suka sa ƙasarsa ƙarƙashin Yauri, matakin da ya haddasa tawaye a Busa a wannan shekara, daga baya kuma aka warware shi. A shekarun 1920 aka mayar da Yauri Lardin Sokoto. Ta ci gaba da zama tare da Sokoto a Jihar Arewa maso Yamma daga 1967, da Jihar Sokoto daga 1976, har zuwa ranar 27 ga Agusta 1991 da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi.

Madatsar Kainji da tashin tsibirai

An fara gina madatsar ruwa ta Kainji a 1964, zamanin gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa, aka kammala a 1968. Ita kanta madatsar a kan wani tsibiri mai suna Kainji aka ɗora ta, shi ya ba ta suna. Tsayinta ya kai kimanin mita 65, kuma injuna takwas da aka girka suna da ƙarfin samar da megawat 760 na wutar lantarki. Tafkin da ya taru a bayanta yana da tsawon kimanin kilomita 135, da faɗin ƙasa na wajen murabba'in kilomita 1,300, ya miƙe daga Kainji har kusa da Yelwa.

Kimanin mutum 44,000 aka tayar. Tsohon garin Busa ya nutse tare da duwatsun da Mungo Park ya mutu a kansu, aka gina Sabuwar Busa a madadinsa. Tsibirin Foge da ƙauyukansa ya shiga ruwa, haka ma wasu unguwannin Yelwa na bakin kogi. Gungawa na cikin waɗanda abin ya fi shafa, domin su ba gida kaɗai suka rasa ba, har da irin ƙasar da suka iya nomawa.

Gwamnati ta gina sababbin ƙauyuka da bulon siminti da rufin asbesto mai lanƙwasa, an kuma yi ƙoƙarin kwaikwayon fasalin gidajen gargajiya. Duk da haka mutane sun koka da zafin ɗakunan da rana da sanyinsu lokacin hunturu, da kuma wahalar gyara su, tun da ba da kayan da ke hannunsu aka yi su ba. Da yawa sun gina ɗakunan laka da ciyawa a gefe. Babbar asarar ita ce ta gona. Ƙasar tsibiri duk shekara kogi na shimfiɗa mata sabuwar laka, ba ta neman taki. Ƙasar tudu da aka ba su jigawa ce, sai da damina take amfani. Wasu sun koyi noman tudu, wasu sun koma su, wasu kuma sun bi bakin tafkin suna neman inda ruwa ke janyewa.

Tashin ya kuma shafi harshe. A tsibiri, ƙauye guda yakan kasance Gungawa zalla, yaro ya tashi da Tsureshe a gida da gona da dandali. A sababbin ƙauyukan bakin hanya kuwa kasuwa da makaranta da masallaci duk da Hausa ake yi, aure tsakanin ƙabilu ya ƙaru, sauyin da a da yake ɗaukar zuriya biyu ko uku ya koma yana faruwa cikin zuriya ɗaya.

Tattalin arziki

Ruwan tafkin yana sauka da mitoci da dama duk shekara idan aka ci gaba da sakin sa don samar da wuta, sannan ya sake hawa da isowar farin ruwa. Idan ya sauka, dubban kadada na ƙasa mai danshi suna fitowa, har da tudun tsofaffin tsibirai. A nan ake shuka shinkafa da masara da wake da rogo da dankali, Fulani kuma su shigo da shanu su ci burgu. Albasa ita ce amfanin da aka fi sanin Gungawa da shi tun kafin madatsa. A da da ƙwarya ake ɗibar ruwa ana zuba wa fangali ɗaya bayan ɗaya, yanzu ƙananan injunan ban ruwa sun karɓi aikin. Ana loda albasar yankin a manyan motoci zuwa kasuwannin kudancin Najeriya.

Su ya bunƙasa bayan cikar tafkin, masunta suka zo daga wurare masu nisa. Ana kama giwan ruwa da karfasa da tarwaɗa da ƙurungu da yauni da bargi, da kuma wasu ƙananan kifaye da ake shanyawa a rana. Kayan aikin sun haɗa da birgi da kalli da mamari da gura. Mafi yawan kifin ana yin bandarsa kafin a kai kasuwa, kuma kasuwar Yelwa na cikin manyan kasuwannin busasshen kifi na arewacin Najeriya. Yawan masunta da amfani da raga mai ƙananan idanu sun rage girman kifin da ake samu, abin da ya sa hukumomi suka sha hana wasu nau'o'in raga. Cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa tana Sabuwar Busa, kuma ta samo asali ne daga aikin binciken tafkin da aka fara a 1968.

Wuraren gani

Yelwa. Garin yana kan babbar hanyar da ta taso daga Sokoto ta bi ta Tambuwal da Jega da Koko zuwa Kontagora. A nan fadar Sarkin Yauri take. Sarki na yanzu, Dokta Muhammad Zayyanu Abdullahi, tsohon shugaban Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sokoto, ya hau gadon sarauta a 1999. A bakin ruwa akwai tashar jirage, inda ranar kasuwa ake ganin manyan jiragen katako masu inji suna sauke mutane da buhuna da dabbobi daga tsibirai da tsallaken kogi. Daga Zamare, kusa da Yelwa, ake tsallakawa zuwa Rofia ta ɓangaren Borgu.

Bikin Rigata. Shi ne bikin ruwa na masarautar, wanda ake yi a bakin kogi a Yelwa da rani. Sunan ya fito daga kalmar Turanci ta tseren jiragen ruwa, amma wasannin sun girmi sunan. Ana danganta su da atisayen mayaƙan ruwa na Gungawa da farautar dorina, wadda ke ɓarna a gonakin tsibirai tana kuma kifar da jirage. Ana yin tseren kwalekwale na maza da na mata, da gasar iyo da nutso, da kaɗe-kaɗe da raye-rayen ƙabilun masarautar. Kokawa ma tana da babban matsayi a al'adar Gungawa, musamman bayan girbi.

Birnin Yauri. Tsohon babban birnin yana cikin ƙaramar hukumar Ngaski. Ana iya ganin ragowar ganuwar ƙasa da ta kewaye shi, wadda faɗinta ke nuna girman da garin ya yi a zamanin fataken Gwanja.

Tsibiran Foge. Abin da ya rage na tsohon tsibirin shi ne tuddai da ke fitowa a tsakiyar tafki, su faɗaɗa ko su tsuke gwargwadon hawa da saukar ruwa. A 2008 an sa su cikin jerin dausayi masu muhimmanci ga duniya a ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar, da faɗin kimanin hekta 4,200. Tsuntsayen ruwa suna taruwa a nan, har da masu ƙaura da ke zuwa daga Turai lokacin sanyi. A ruwan yankin ana samun dorina da kada, da ayu wanda ya yi ƙaranci saboda farauta.

Madatsar Kainji da gandun daji. A ƙarshen tafkin ta kudu, cikin Jihar Neja, akwai madatsar kanta da Gandun Dajin Tafkin Kainji, wanda aka kafa a ƙarshen shekarun 1970 ta hanyar haɗa dazuzzukan Borgu da Zugurma.

Matsaloli

Mazauna tsibirai da ƙauyukan gaɓa ba su da wata hanya zuwa kasuwa ko asibiti sai jirgi. Lokacin da aka cika tafkin ba a sare dukkan itatuwan kwarin ba, kututtukansu suna nan a ƙarƙashin ruwa, kuma jirgin katako da ya yi karo da ɗaya yana iya tsagewa nan take. Idan aka haɗa da lodin da ya wuce kima da tsufan jirage da tafiyar dare da rashin rigar kariya, haɗari ya zama abin da ake yawan ji. Ranar 26 ga Mayu 2021 wani jirgi da ya taso daga Jihar Neja ɗauke da fiye da mutum 150 ya nutse kusa da Wara a ƙaramar hukumar Ngaski, kuma kaɗan ne daga cikinsu aka ceto da rai. Hukumar raya yankunan da ke samar da wutar lantarki daga ruwa, HYPPADEC, mai hedikwata a Minna, ta riƙa raba rigunan kariya da sare kututtuka a wasu hanyoyin ruwa bayan wannan haɗari.

Ambaliya ma tana cin gonaki da gidaje a shekarun da farin ruwa ya zo da ƙarfi. Ga kuma matsalar tsaro da ta addabi arewa maso yamma, wadda ta kai ga sace ɗalibai daga kwalejin gwamnatin tarayya ta Birnin Yauri ranar 17 ga Yuni 2021, ta kuma rage zirga-zirgar baƙi a yankin.

Ta fuskar harshe, Tsureshe yana raye a ƙauyuka, amma rubuce-rubuce a cikinsa kaɗan ne, kuma da Hausa da Turanci ake karatu a makarantu. Kalmomin da suka fi shiga haɗari su ne na rayuwar tsibiri: sunayen hannuwan kogi da duwatsu da wuraren tsafi da nau'o'in jirgi da dabarun noman laka. Waɗanda suka san su da ido su ne waɗanda suka yi wayo kafin 1968, kuma mafi ƙanƙantarsu a yau ya haura shekara sittin.

Duba kuma

Masarautar Yauri
Harshen Reshe
Tafkin Kainji
Kogin Neja
Banza Bakwai
Sarkawa